Rigar Mai Gemu

Inna,

Ina gaishe ki cikin sunan Yesu. Yaya ƙafar taki? Yaya Baba da Auta? Ni lafiya lau nake, sai 'yar karaya a hannu, ita ma ta fara haɗewa. Kada ki tayar da hankalinki.

A wurin gininmu akwai wani dattijo da muke kira Mai Gemu. Kullum faɗansa ɗaya ne: "Kai, ɗaurin ƙarafa sau biyu ake yi!" Har haushinsa nake ji. Ranar Talata ina sauri, na ɗaure sau ɗaya. Ana cikin jansu sama igiyar ta kwance, ni kuwa ina tsaye a ƙasa. Shi ya hankaɗe ni gefe. A kansa ƙarafan suka sauka, nan take ya rasu.

Na je na faɗa wa matarsa gaskiya, ina jiran ta tsine mini. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ɗauko rigar sanyinsa ta yafa mini. Ta ce, "Ya sha gaya mini ba ka da ta kirki."

Inna, tun ina ƙarami kike cewa Almasihu ya mutu domin masu laifi, ni kuwa amin kawai nake cewa. Ranar Lahadi na dubi gicciye, sai na gane. Ashe haka fansa take: mai laifin ne yake komawa gida da ƙafafunsa.

Ki sa matar nan a addu'a. Rigar ta yi mini yawa, amma kullum ita nake sawa.

Ɗanki.