Hannun Ƙarfen Rukayya da Ka Sa Aka Kwashe

Nasarawa, Kaduna
Watan Afrilu, 2004

Zuwa ga Yayana Alhaji Zakariyya'u a Fatakwal,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Hajiya da yara. Allah ya ƙara rufa asiri, ya raba ka da ciwon ƙafar nan. Mu nan lafiya lau, ɗana Auwal ya fara tuƙa bas tsakanin Nasarawa da Kasuwa, 'yata Hajara kuma ta yaye ɗanta.

Yaya, da baƙin ciki na ɗauki biro, kuma ba zan ɓoye maka ba. Ka san tun rasuwar maigidana, mahaifin Rukayya, yarinyar nan ta zama kamar ba ta gidan, sai ranar da ta buɗe ɗakin kayan aikinsa ta tarar da silindoji, wato bututun ƙarfen da mai ke motsawa, da tiyo na katafilar da yake gyarawa a Kudenda. Ta ce min za ta ƙera hannu da su, mai yatsu biyar, wanda kwamfuta za ta riƙa ba shi umarni. Ba ta taɓa riƙe sifana ba. Na yi dariya, na ce ta yi. Ita da Damaris 'yar Baba Shekari maƙwabcinmu, wadda ta koyi kwamfuta a Tirkaniya, suka duƙufa tun kafin azumi. Mai walda ya haɗa musu tafin, ya kai faɗin ƙyauren ɗaki. Rukayya ta ƙone a yatsa, mai ya ɓata mata zannuwa, famfo ya ƙi tura man sai da ta gane iska ce ta shiga tiyo. Ranar da babban yatsa ya fara lanƙwasawa na ji dariyarta daga kicin, dariyar da na manta kalarta.

Sai ka zo bikin ɗiyar ƙaninmu Isiyaku. Rukayya da kanta ta roƙe ka ka zo ka gani, don kai ne madadin ubanta. Na san abin da ya faru bai yi daɗi ba. Ba ta ɗaure bakin tiyo da kyau ba, ya fashe, baƙin mai ya wanke maka farar shadda a gaban surukai, wasu marasa ta ido suka yi dariya. Ta durƙusa ta ba ka haƙuri tana kuka, ka ce ba komai. Ashe da komai. Kana komawa ka yi wa Isiyaku waya ka ce ɗiya mace ba ta zama cikin ƙarafa kamar bakanike, a kira 'yan gwangwan su kwashe tarkacen. Shi kuma da ba ya iya musa maka, ya jira muka tafi asibiti duba Hajara, ya kawo su da guduma suka farfasa suka loda a kura.

Yaya, wannan gidan nawa ne ko ba nawa ba? Ina raye, da hankalina, a shigo min tsakar gida a yi hukunci a kan 'yata ba a ko tambaye ni ba? Shadda dai sabulu ke wanke ta. Rukayya kuwa da muka dawo ta ga wurin wayam, sai tabon mai a ƙasa, ba ta yi kuka ba, ta shiga ɗaki ta juya fuska bango. Abinci ma sai da na haɗa ta da Allah. Kuma a makon ne Malam Alexander, wani malamin kwalejin fasaha da ya ji labarinta, ya yi alkawarin zuwa ya duba aikin. Ko a harkar mulki, tun da soja suka koma bariki ana tambayar mutum ra'ayinsa, balle uwa a kan abin da ta haifa.

Ban zauna ba. Na yafa mayafi na tasa Isiyaku a gaba har filin 'yan gwangwan, na ce ya mayar musu da kuɗin da ya karɓa, su ba mu kayanmu. Ni da ban taɓa ɗaga murya a titi ba, ranar har mutane suka taru. Mun samo tafin da famfo da yatsu uku, sauran biyun an riga an tafi da su narkarwa. Baba Shekari ya kawo motarsa ya ɗauko mana, wannan ya fi komai ba ni kunya. Bare ya ɗauko, dangi ya zubar.

Rukayya da Damaris suka sake haɗa abin da muka samo. Da Malam Alexander ya zo, yatsu ukun ya tarar. Rukayya ta danna kwamfuta, suka rufe a hankali suka ɗaga buhun masara. Ya ce akwai kurakurai da yawa, ya nuna mata su, sannan ya ce ta nemi gurbin karatu a sashensu bana. Na amince, kuma ba shawara nake nema ba, sanar da kai nake yi.

Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, shi ya sa na rubuto maimakon in yi shiru. Girmanka yana nan a wurina. Amma daga yau in kana da magana a kan Rukayya, ni za ka faɗa wa, ba aike ba. Kuma akwai haƙurin da ya kamata ka ba yarinyar nan da bakinka.

Ka gaida Hajiya da Usman da sauran yara. Auwal da Hajara suna gaishe ka. Na ce wa Rukayya ina rubuto maka, ko tana da saƙo. Ta ce a gaida Hajiya.

Taka ƙanwa,
Maimuna