Na rushe ɗakin Bidi, Baba

Assalamu alaikum, Baba. Gaisuwa ta ban girma daga 'yarka Hadiza, da fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Na zo maka da labarin dokinka Bidi, amma sai ka yi haƙuri da farkonsa.

Bayan rasuwarka tarin nan nasa ya tsananta. In ya ja numfashi sai haƙarƙarinsa su fito, hancinsa ya buɗe, daga turke zuwa kwamin ruwa sai ya huta a hanya. Kawu Sale ya ce a yi masa lalas da ƙarfe mai zafi, in bai tashi ba a sake shi daji ya ƙarasa can. Na ce ba da raina ba.

Na je garin Suki na taho da likitan dabbobi. Ya saurari ƙirjinsa, ya ce fuka ce, ba ta warkewa, sai dai a iya zama da ita. Ya yi masa allura, ya ce a riƙa jiƙa harawa kafin ya ci. Sannan ya leƙa ɗakin da ka gina masa, ya ce ƙurar da ke ciki ce ke shaƙe shi.

Ɗakin nan fa, Baba! Wanda ka yaɓe da hannunka, ka toshe kowace kafa don sanyi, har Inna na mitar ya fi nata kyau. Kai kuwa ka ce, "Bidi ba dabba ba na, ɗan gida na."

Na kai shi gindin bishiya, ya ƙi ci, kullum ya ja igiya ya koma ƙofar ɗakinsa. Sai na ɗauki gatari na sauke bango biyu, na bar masa rufin. Ina sara ina kuka, don shatin yatsunka na nan a jikin laka.

Watanni muka yi ana fama. Ya yi sauƙi, ya koma, likita ya dawo ya canza magani. Hannuna har ya yi kanta da ɗibar ruwan jiƙon harawa.

To jiya da hantsi Bidi ya tsinke igiya! Ya tsallake tur'a, wato magudanar ruwan gonaki, ya faɗa hawashar Kawu Sale, gonarsa ke nan, ya hau cin dawa. Maza suka bi shi da gudu, ya yi ta wasa da su har suka zube suna haki. Kawu ya zo yana ta faɗa da Larabci da Hausa, ni kuwa ina durƙushe ina ba shi haƙuri, dariya na cina, hawaye na zuba. Dokinka yana ɓarna, Baba. Wallahi ban taɓa jin daɗin faɗa irin na jiya ba.

Allah ya yalwata maka makwancinka, ya sanyaya shi, ya haɗa mu a Aljanna.

'Yarka mai kewarka,
Hadiza, daga wajen Abu Hujar