Albashin Ya Cika, Fasfona Nake Roƙo

Zuwa ga Alhaji, shugaban kamfanin tura direbobi aiki ƙasar waje da ke Gusau.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan iyali suna lafiya. Ni ne Sanusi, ɗan marigayi Malam Garba na Furfuri, wanda ka turo tuƙin babbar mota a ƙasar Larabawa. Na fito fili ne saboda ka daina ɗaukar wayata.

Na ɗaya, ba ƙorafin albashi na kawo ba. Abin da ka faɗa shi ake biyana, kuma ya ninka abin da nake samu lokacin da nake jigila tsakanin Gusau da Tsafe. Har rufin kwano na yi wa Inna, ban musa ba.

Na biyu, ga inda ka cuce ni. Ranar da ka zo gidanmu, a tabarmar Inna ka zauna, ka ce mata ɗanta ɗanka ne. Na tambaye ka zancen albashi, na tambayi masauki, ban tambayi zancen zuwa gida ba. Yo wa zai tambaya? A tasharmu in aka ce mahaifiyarka ba lafiya, makulli kake miƙa wa abokin aiki ka kama hanya, da yamma 'yan tasha su biyo ka dubiya. Na ɗauka ko'ina haka ake. Kai ka san ba haka ba ne, ka san har fasfo iyayen gidanmu na nan suke karɓewa, ka ja bakinka ka yi shiru.

Na uku, Inna tana kwance tun bayan Babbar Sallah, har an kai ta asibiti a Bungudu an dawo da ita. Da na nemi izinin tafiya, ubangidana cewa ya yi in tura kuɗin magani, ai neman kuɗi ya kawo ni. Na tura. Ƙanwata Hadiza ta ce an sayo komai, amma duk wanda ya yi sallama a zaure sai Inna ta tambaya ko ni ne. Hadiza ta je ofishinka, aka ce ka fita, alhali ga motarka a ƙofa.

Wallahi raina ya ɓaci, Alhaji, kuma tsoro nake ji.

Ina roƙon ka kira mutanen nan su ba ni fasfona, na yafe musu sauran haƙƙina. Sannan duk wanda za ka turo nan gaba, ka faɗa masa gaskiya a gaban iyayensa, ya zaɓa da saninsa.

Allah ya ƙara maka buɗi, ya sa ranar da taka mahaifiyar za ta neme ka kana kusa. Don Allah ka hanzarta. Hadiza ta ce tun jiya Inna ta daina tambaya.

Wassalam.

Sanusi Garba Furfuri