Kada Ku Kawo Inna Tukuna

Yaya Bitrus,

Gaisuwa mai yawa. Ya gida, ya yara, ya jikin Inna? Shekara uku rabona da gida, ina nan Gyadi-Gyadi ina fama.

Tunda farar hula suka hau, kowa ya zama ɗan kwangila. Wani ya kawo wa asibitinmu na Tarauni takardar gwaji mai araha, wai ɗigon jini ɗaya zai nuna cuta biyar. Likita ya ce, "Ayuba, ka cika zargi." Gaskiya ban kama ta da ƙarya ba tukuna. Amma kada ku kawo Inna asibitin sai na gwada takardar da tsohon gwajinmu.

Gai da kowa, a sa ni a addu'a. Jinin mutum tara na samu na ɓoye a firji domin wannan aikin.

Ƙaninka,
Ayuba