Furen Alfalfa da Haƙoran Kyalla

Asabar, 9 ga Nuwamba, 2024
Ka yi haƙuri, littafi. Don auna tsawon ciyawa aka saye ka, ga ni ina cika ka da surutu, ni da ko a aji ba na iya ɗaga hannu.
Malama Rukayya ta Aikin Gona ta ba ni irin alfalfa, wata ciyawar dabbobi, kashi biyu. Ɗaya na gama-gari, ɗaya na gwaji, wai an rage masa lignin, abin da ke sa kara tauri. Na shuka su a bayan gida, fangali biyu. Ta ce furensu shuɗi ne mai ratsin ja. Tun ɗazu nake ganinsa in na rufe ido.

Lahadi, 15 ga Disamba
Kyalla, akuyar da marigayiya Kaka Delu ta bar mini, haƙoranta sun cinye. Harawa ma sai ta tsotsa ta tofar. Baba ya ce in Janairu ya ƙare ba ta murmure ba, zai kira mahauci daga Kawo. Na ce to. Kullum "to".

Litinin, 13 ga Janairu, 2025
Malama ta ce in yanke kafin fure ya buɗe, in ba haka ba kara zai zama itace. Na gyaɗa kai.
Ban yanke ba.

Alhamis, 23 ga Janairu
Ya buɗe! Na zauna a gefen fangali, jirgi daga filin jirgin Mando ya wuce can sama, na ji kamar ni ke ciki, ina leƙo Unguwar Sarki ta koma shuɗiya har bakin titi. Yaya Sharhabil ya ce, "Hajiya Manomiya, akuyar taki kallo za ta ci?"
Sai na ji Kyalla na kuka. Kunya ta kama ni.

Lahadi, 26 ga Janairu
Na yanke. Na gama-garin ya fi tari, amma ganyen kawai ta tsince, ta bar kara kamar tsintsiya. Na gwajin ya ɗan gaza yawa, har ya kwanta gefe guda, sai dai karansa na lanƙwasuwa a yatsana duk da jinkirina. Ta cinye tas. Wanda na raina shi ya rufa mini asiri.

Juma'a, 31 ga Janairu
Baba ya ɗauko waya bayan masallaci zai kira mahauci. Ban san lokacin da na ce, "Baba, don Allah a zo a ga kwanonta tukuna" ba. Ya je, ya shafa haƙarƙarinta, sannan ya dube ni.
"Ilham, ashe kina magana?"
Ya mayar da wayar aljihu.

Asabar, 22 ga Fabrairu
Ya sake tohowa, kawunan fure sun fara kumbura. Na yanke da safe, duka. Ban bar ko ɗaya ba. Wataƙila don lauje ya yi kaifi ne kawai.
Littafi, shafin awon har yanzu fari fat. In ba ka gaji da ni ba, ka bar mini na bayansa?