Rasuwar Sista Minda, Mai Goge Tambarin Masu Safara

Cikin alhini mai nauyi da karayar zuciya, Shugabar Ƙungiyar Sabon Shafi mai tallafa wa matan da aka yi safararsu, Dakta Anjali Perumal, tare da Kwamitin Amintattu da ɗaukacin ma'aikata, suna sanar da jama'a cewa sun sami labarin rasuwar babbar jami'ar jinya ta ƙungiyar, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta, Sista Luzviminda Sarmiento Pritchard, wadda ƙannenta na jini da na zaman tare suke kira Ate Minda, wato Yaya Minda a harshensu. Ta rasu ranar Lahadi, 12 ga Maris, 2023, a wani asibiti a nan Brisbane, tana da shekara hamsin da huɗu, bayan doguwar jinyar ciwon dajin hanta.

Marigayiyar ta bar mana wasiyya cewa kada mu yi wa tarihinta ado, don haka za mu faɗe shi kamar yadda ita ma take faɗa. A shekarar 1991 wani dillali ya taho da ita ƙasar nan daga Iloilo, garinsu da ke ƙetare, da alkawarin aikin girki a otal, amma ranar da ta sauka ya karɓe fasfonta, ya kulle ta a wani gida inda aka yi shekara biyu ana sayar da ita ga maza. A watanta na uku ya sa aka danne ta, aka zana sunansa da allura da tawada a gefen wuyanta, kamar yadda ya yi wa sauran mata biyar da ke gidan, kuma da allura guda aka yi musu duka. Likitocinta sun yi ittifaƙi cewa ta wannan allura ce mai yiwuwa cutar hanta ta shige ta, ta kwanta shiru shekaru masu yawa, ba a gano ta ba sai da ta gama ɓarna. Mutumin ya bar ƙasar tun kafin a kama shi. Da marigayiyar ta sami ƙarfin zuciyar neman diyya, sai aka amsa mata da takarda mai layi huɗu cewa ta makara.

Bayan ta kuɓuta, Sista Minda ta yi aikin wanke-wanke a gidan kula da tsofaffi, ta yi karatun jinya, ta goge nata tambarin da guminta, sannan ta koyi sarrafa injin leza, mai goge zanen fata da haske, domin ta goge na wasu. Cikin shekara goma sha biyu, mata ɗari da arba'in da uku ne suka zauna a kujerarta a ƙaramin ɗakinmu na unguwar Inala, wasu da suna a wuya, wasu da lamba a wuyan hannu, wasu kuma a inda ba za a faɗa ba. Ba ta taɓa ruɗin kowa ba. Takan ce wa wadda ta zo karon farko: “Zai yi zafi, ƙanwata, kuma sai kin dawo sau takwas ko goma. Ki yi ihu in kina so, maƙwabta sun saba.” Wata rana ta daɗe tana duban kafaɗar wata baiwar Allah, ta ce: “Ke, wannan sakaran ko sunansa bai iya rubutawa daidai ba!” Matar ta shaida mana cewa wannan ce dariyarta ta farko cikin shekara uku.

Ƙungiya ba za ta manta da tsayuwar da marigayiyar ta yi a gaban kotu a shekarar 2018 ba, lokacin da lauyan wani mai safara da aka riga aka ɗaure ya nemi a cire kuɗin goge zane daga diyyar da za a biya wadda aka zalunta, yana cewa wannan kwalliya ce kawai. Sista Minda ta ce wa Mai Shari'a: “Ranka ya daɗe, yarinyar nan shekara huɗu tana wanka fitila a kashe don kada ta ga sunansa. In kwalliya ce, a tambayi lauya ko zai so a yi wa 'yarsa irinta.” Kotu ta umarci a biya. Sai dai wajibi ne mu faɗi gaskiya a ranar makoki: har yau ba a ga ko dala ɗaya daga hannun mutumin ba, domin ya mayar da dukiyarsa da sunan ɗan'uwansa, kuma marigayiyar ce ta ƙarasa goge wa yarinyar zanen kyauta. Ta rasu tana rubuta wa hukumomi wasiƙu kan a riƙa ƙwace dukiyar irin waɗannan mutane tun ranar kamu, kuma a daina rufe ƙofar diyya ga wadda tsoro ya hana ta magana da wuri. Lauyoyinmu za su ci gaba daga inda ta tsaya.

A madadin Shugaba, Amintattu, ma'aikata da dukkan matan da suka bi ta hannunta, muna miƙa ta'aziyyarmu ga mijinta, Mista Graeme Pritchard, direban bas mai ritaya, wanda ya yi wata bakwai yana jinyarta bai gaza ba, da 'yarsu tilo, Malama Rosalind Pritchard, da mahaifiyarta, Uwargida Perpetua Sarmiento, wadda tsufa ya hana ta tasowa daga Iloilo don ta ga 'yarta. Muna roƙon Ubangiji Mai Jinƙai Ya karɓi baiwarsa, Ya ba ta hutun da duniya ta hana ta, Ya kuma ba iyalanta haƙuri da juriyar wannan babban rashi. Za a yi addu'ar jana'iza ranar Juma'a, 17 ga Maris, da ƙarfe goma na safe, a majami'ar da take ibada a Inala. Iyali sun roƙi kada a ɗauki hoton kowa, saboda akwai masu zuwa da har yanzu ake nemansu.

Ga mata ashirin da shida da aka fara yi musu aiki ba a gama ba, muna tabbatar muku Sista Mele Taufa ta karɓi ɗakin, kuma ranakunku ba su canja ba. Ga kuma baiwar Allahn da ta bugo waya sau uku a watan jiya tana neman Ate Minda, ta ƙi faɗin sunanta: ba ƙin amsa miki ta yi ba, tana kwance ne. Ta ce in kin sake bugowa a gaya miki ki zo ranar Talata, ki shigo ta ƙofar baya, ba wanda zai tambaye ki komai.

Sa hannu:
Lauya Bronwyn Kealey
Sakatariyar Yaɗa Labarai kuma Mai Magana da Yawun Ƙungiyar Sabon Shafi
Brisbane, 13 ga Maris, 2023