Agwagin Inna Kande da rariyar gidanmu

Assalamu alaikum mai wannan shafi, ina gaishe ka da masu karatu. A ɓoye sunana, kuma don Allah ku kai ƙarshe kafin ku fara zagina.

Ni yarinya ce a wani ƙauye kusa da Kafin Maiyaki, kuma bakina ya fi hankalina sauri. A unguwarmu in ruwan sama ya sauko biki ake yi: shara, ruwan wanki, kashin kaji, kowa ya tura ta rariya, ruwa ya kwashe ya kai kududdufi. To ran nan Yaya ya dawo daga feshin gona, ya ce in ɗauraye tankin in kai ruwan rami a bayan gida. Rami, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya? Na juye ragowar maganin a rariya, na bi shi da baƙin man babur ɗinsa, na shige ɗaki. Wa ya gan ni?

Washegari agwagin Inna Kande, tsohuwar da ke zaune ita kaɗai a bakin kududdufi, duk sun yi rigingine, ƙafa a sama kamar masu jiran a sa musu takalmi. Agwagin nan su ne 'ya'yanta, kowace da sunanta. Tana jujjuya su tana cewa, "'Yar nan, me ya same su?" Maimakon in yi shiru sai na ce, "Inna, ai dusar da kike ba su ce. Ni ma da na shaƙi warinta sai da na leƙo lahira." Yara suka fashe da dariya, ni har da riƙe ciki. Daga ran nan in ta fito sai su bi ta suna kwak-kwak, suna tafiyar agwagwa. Ni na koya musu tafiyar.

Abin kunyar, ta yarda. Ta zubar da dusar, ta daina fitowa, ko tuwo aka kai mata haka yake dawowa. Jiya ta aiko kirana, ta miƙo mini ɗan tsakon agwagwa ɗaya da ya tsira, a cikin ƙwarya. Ta ce, "Riƙe shi, jikata. Hannuna ba shi da albarka, naki ya fi."

In na faɗi gaskiya Baba zai fasa mini baya, yara su dawo da kwak-kwak ɗin kaina. In na yi shiru tsohuwa tana can tana ƙarewa a ɗaki. Ga tsakon nan yana wasa a bakin rariyarmu, gobe kuma Yaya zai sake feshi. Me zan yi?